Jan zare a kumatu: nazarin lamarin wata mata a ƙasar Ringim

Asali, 2021

Matar tana da shekara 29 lokacin da aka fara duba fuskarta a asibiti. A wani ƙauye take zaune a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa, ita da mijinta manomi da 'ya'ya uku. Sana'arta tuyar awara. Da la'asar take hura wuta, ta zauna gaban kasko har a kira magariba, yara suna ɗauka suna kai talla bakin masallaci da tasha. Da kaka kuma tana fita roron gyaɗa tare da matan gida, rana tana dukan fuskarta tun hantsi har azahar. Wankan tarwaɗa ce a halittarta.

A cikinta na uku, cikin 2021, abu biyu suka fito mata a fuska. Na farko baƙin tabo ne shimfiɗe a kumatu da goshi, irin wanda mata suka saba gani idan ciki ya tsufa. Sauyin sinadaran jikin mai ciki ne ke kawo shi, rana ta ƙara masa duhu, kuma sau da yawa yakan dusashe da kansa bayan haihuwa. Na biyu wani ɗan jan ɗigo ne a gefen hanci ta hagu, bai kai ƙwayar gero ba. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, don haka ba ta bi ta kansa ba. Ta sauka lafiya a watan Nuwamba.

Maris zuwa Disamba 2022: man shafawa

Wata huɗu da haihuwa tabon yana nan. Ranar kasuwa ta aiki ƙanin mijinta kemis, ta ce a ba ta maganin ƙyasbi. Mai kemis bai ga fuskar ba. Ya bayar da ɗan tiyub guda, ya ce a shafa safe da dare.

Cikin mako uku tabon ya yi haske, fuskar ma gaba ɗaya ta washe ta yi sumul. A gidan suna aka fara tare ta ana tambayar me take shafawa. Da tiyub ya ƙare ta sake aikawa, ta kuma sake.

A watan Yuli, ana shirin bikin ƙanwarta, aka ɗauko wata mai gyaran amare daga gari. Ita ta sayar mata da haɗi a cikin roba marar suna marar rubutu, ta ce man kaɗe ne da karas da kurkur. Daga baya mai ciwon ta gaya mana, mu ma'aikatan asibitin ƙauyen, cewa ta ga lokacin da ake matse tiyub huɗu ko biyar a cikin kwano ana juyawa da cokali, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Daga nan ta koma shafa haɗin a fuska da wuya da hannuwa, sau biyu a rana, babu fashi. Mijinta bai hana ba, shi a ganinsa mai ne kamar kowane mai.

Janairu 2023: zaren ya bayyana

'Yarta ta fari ce ta fara gani. "Umma, wa ya yaƙushe ki?" Ta fito da madubi tsakar gida inda haske yake, ta tarar da siraran jajayen layuka a saman kumatu biyu da gefen hanci, wasu a miƙe, wasu sun yi rassa. Layukan su kansu ba sa ciwo. Amma in ta zauna gaban kasko sai fuskar ta ɗau zafi ta yi jajur, ta daɗe ba ta huce ba. Fatar tana wani irin ƙyalli ko ba ta shafa komai ba, kuma ta yi gautsi, ko bakin hijabi ya goge ta sai wurin ya tashi. Wani siririn gashi ya fara fitowa a gaban kunnuwa.

Fabrairu zuwa Afrilu 2023: abin da aka gwada a gida

Hoda ta fara sawa, ta rufe na ɗan lokaci, zufa ta wanke.

Surukarta ta ce zafin jini ne. Aka kawo jiƙo ta sha mako biyu, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Layukan ba su motsa ba.

Wata maƙwabciya ta ce dattin mai ne ya taru a ƙarƙashin fata, a murje shi da dilka a bi da lemon tsami. Wannan ya yi ɓarna. Fatar kuncin dama ta saluɓe, ta yi kwana goma tana ruwa kafin ta kame, ta bar baƙin tabo.

Sai ta je kemis da kanta. Aka ba ta wani man daban, irin mai magani uku a ciki, aka ce na sanyin fata ne. Kwanakin farko ta ji daɗinsa: zafin ya lafa, in ta shafa layukan sukan dusashe na 'yan awoyi. Bayan mako biyu suka dawo, har da ƙari a haɓa.

Da azumi ya kama, ranar 23 ga Maris, ta yanke shawarar watsar da komai. Ta ji wa'azi a rediyo a kan sauya halitta, zuciyarta ta karye, ta tattara robar da tiyub-tiyub ta cusa ƙarƙashin gado. Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar fuskar ta kama da wuta. Ta kumbura, ta yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a kewayen baki da hanci, fatar tana tsagewa tana ɓarewa. Ko ruwan alwala ya taɓa ta sai ta ji kamar an zuba barkono. Ga azumin bazara, ga kasko da ba ta da halin bari domin lokacin ne cinikin awara ya fi tafiya. Ba ta barci. Ta daure kwana goma sha biyu. Da ta ga Salla tana matsowa, ga surukarta tana cewa wannan ai ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa mata, sai ta jawo robar ta shafa. Cikin kwana biyu komai ya kwanta. Daga ranar ta tabbatar wa kanta cewa man nan shi ne maganinta, kuma barinsa ne ciwon.

Yuni 2023: asibitin ƙauye

Ba don fuskar ta zo ba, autanta ta kawo da zazzaɓi. Na san ta tun awon cikin yaron, kuma ban taɓa ganinta da niƙabi ba sai ranar. Da aka gama da yaron na ce mata, "Maman yara, lafiya kika rufe fuska?" Ta yi shiru, sannan ta ɗaga. "Malama, duba min. Jijiyoyina ne suke fitowa waje."

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura. Na ɗauki gilashin da muke ɗiga jini a kai don awon zazzaɓin cizon sauro, sabo, na danna shi a hankali a kan kuncinta. Layukan suka ɓace a ƙarƙashin gilashin, wurin ya yi fari. Da na ɗaga suka cika suka dawo ja. Wannan yana nuna jinin yana cikin jijiya, jijiyar ce ta buɗe. Da jini ne ya tsiyaye ya kwanta a ƙarƙashin fata, kamar na ƙujewa ko na ƙarancin sinadaran daskarar da jini, dannawa ba za ta kore shi ba. Irin waɗannan jijiyoyi ƙanana ne ƙwarai, kaurinsu ba ya wuce milimita ɗaya.

Ɗigon gefen hanci kuwa dabam yake. Yanzu ya fito da siraran ƙafafu a kewaye, irin wanda likitoci ke kira mai ƙafar gizo-gizo. Da na danna tsakiyarsa da kan biro sai ƙafafun duk suka ɓace, da na saki suka cika daga tsakiya zuwa waje.

Awon jininta 118/76. Suga daidai. Idonta ba rawaya, ciki ba kumburi, tafin hannu ba ja. Ba ta yawan haɓo, babu mai yi a danginsu, babu ɗigo a leɓe ko harshe. Yatsunta ba su ƙage ba, ba ta ciwon gaɓɓai. Waɗannan tambayoyi kowacce da dalilinta: jijiya mai ƙafar gizo-gizo takan fito ga mai ciki da ma mai lafiya lau, amma in ta yi yawa a fuska da ƙirji da hannuwa tana iya zama alamar hanta ta taɓu. Akwai kuma cutar gado da ke haɗa jajayen ɗigo a leɓe da haɓo marar dalili, akwai cututtukan garkuwar jiki da ke ɗaure fata ko su ƙona kumatu. Kowanne hanyar maganinsa dabam.

Na ce gobe ta dawo da duk abin da take shafawa, har sabulu. Ta zo da baƙar leda. A jikin tiyub na farko, wanda ta fara da shi a Maris 2022, an rubuta clobetasol propionate 0.05%. A na sanyin fata an rubuta betamethasone tare da maganin cututtukan fata irin su makero da na ƙwayoyin cuta. Wani kwalin da mai haɗi ta bar mata yana ɗauke da hydroquinone, wani sinadarin hasken fata. Robar haɗin ba ta da abin karantawa.

Clobetasol da betamethasone duk sitiroyid ne, wato magungunan kwantar da kumburi, kuma clobetasol yana cikin mafi ƙarfin waɗanda ake shafawa a fata. Magani ne na gaske mai amfani ga cututtukan fata masu taurin kai, amma ƙa'idarsa gajeren lokaci, kamar mako biyu a jere, kuma ba a fuska ba, domin fatar fuska siririya ce tana tsotse magani fiye da ta hannu ko ƙafa. Ita kuwa ta yi wata goma sha biyar tana shafawa. Abin da yake yi a bayyane yake: yana matse ƙananan jijiyoyin jini ya rage launi, shi ya sa fuska ke washewa da wuri. A ƙarƙashi kuma yana hana fata saƙa naman da ke riƙe ta. Sai ta zama kamar zanen da ya sha wanki har ya yi shara-shara, ana hango abin da ke bayansa. Jijiyoyin da suka rasa abin da ke tallafe su sai su saki su buɗe. In aka daina shafawa rana ɗaya, jijiyoyin da suka saba da matsi sai su buɗe fiye da da, fuska ta ɗau wuta. Abin da ya same ta da azumi ke nan. Likitoci a Ingila sun rubuta wannan illa ta sitiroyid mai ƙarfi a fuska tun 1969.

Na rubuta mata takardar zuwa wurin likitan fata a Kano. Tafiyar ba ta yiwu nan take ba. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga maigida yana tsakiyar shuka. Kafin nan muka ce ta bar dilka da lemon tsami da sabulun haske, ta rage shafawa zuwa sau ɗaya da dare, amma kada ta yanke gaba ɗaya.

Yuli 2023: wurin likitan fata

Likitan ta duba fuskar da madubin ƙara girma mai fitila. Ta tabbatar da abu uku: fatar ta sirance kuma jijiyoyi sun buɗe saboda sitiroyid, akwai ƙurajen da sitiroyid ke haifarwa a kewayen baki, sannan ɗigon hanci tsohon abu ne na lokacin ciki da ba shi da alaƙa da man. A saman kuncin hagu ta nuna wani ɗan duhu mai ratsin toka, ta ce irin wanda hydroquinone ke bari ne in an daɗe ana shafawa, kuma an yi sa'a bai yi nisa ba domin shi ya fi wuyar fita. An yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da na aikin hanta, da na ciki. Duk suka fito ba komai.

Matar ta tambaya ko za a cire jijiyoyin a ranar. Likita ta ce a'a. Fatar da ta sirance haka ba za ta ɗauki wutar lantarki ko hasken leza da ake rufe jijiya da su ba, za ta ƙone ta bar tabo, kuma muddin man yana aiki sababbi za su ci gaba da fitowa. Ta sa aka kira mijin daga waje, ta yi maganar a gabansu su biyu. "Malam, fuskar nan za ta fi haka muni kafin ta gyaru. Za ta yi ja, za ta yi ƙuraje, za ta yi duhu fiye da yadda ka aure ta. In ka ga haka maganin ne yake aiki. Kada ka bari kowa ya ce mata ta koma wa robar nan."

Tsarin da aka ba ta shi ne wannan. A ajiye dukkan mayukan, a maye gurbinsu da hydrocortisone 1%, wanda shi ma sitiroyid ne amma mai rauni ƙwarai: sau biyu a rana na mako biyu, sau ɗaya na mako biyu, rana bayan rana na mako biyu, sannan a daina. Ƙwayar doxycycline 100 mg kullum na mako takwas saboda ƙurajen da kumburin, a sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take, kuma a ba da tazarar awa biyu tsakaninta da nono ko kunun kanwa ko maganin ƙarin jini, domin suna hana jiki tsotse ta. Ba a ba mai ciki wannan ƙwaya, shi ya sa aka fara da gwaji. Daga mako na uku a ƙara man tacrolimus 0.03% da dare, wanda ke kwantar da kumburi ba tare da sirantar da fata ba. Wanke fuska da ruwa zalla, a shafa basilin ko man kaɗe tsantsa. In zafi ya taso a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora. A guji rana, a guji wuta.

Agusta zuwa Oktoba 2023: watannin wahala

Abin da likita ta faɗa ya faru. A mako na biyu fuskar ta yi ja ta fara ɓarewa, sai dai bai kai na azumi ba, tana iya barci, tana iya alwala. Tacrolimus ya yi mata raɗaɗi a dararen farko sannan ya daina. Yana da tsada, tiyub ɗaya suka iya saya, ta riƙa lakatowa kaɗan-kaɗan ga wuraren da suka fi tashi.

Umarnin guje wa rana da wuta shi ya fi wuyar bi. Man kare hasken rana da aka rubuta ya fi ƙarfin aljihunsu in za a yi ta saye, don haka ta koma ɗora malafar mijinta a kan hijabi duk lokacin da za ta fita tsakar rana, kuma ba ta je roron gyaɗa ba a shekarar. Kasko kuwa abincinsu ne. Aka daidaita da ƙanwar miji: ita matar ta jiƙa waken suya, ta kai niƙa, ta tace, ta yanka, ƙanwar ta dafa ta soya, su raba riba. Kuɗin shigarta ya ragu, amma jan da ke taso mata kowace yamma ya tsaya cikin mako guda.

Duhun ne ya kusa rusa aikin. Zuwa mako na huɗu launinta na asali ya dawo, wuraren da suka yi ƙuraje kuma suka fi shi baƙi, fuskar ta yi dabbare-dabbare. A bakin rijiya aka fara magana. Wata ta ce mata a fuska, "Garin neman gira kin rasa ido." Ana gobe sunan 'yar yayarta ta ari haɗi wurin ƙawa ta shafa dare uku. Fuskar ta lafa ranar suna, bayan kwana biyar ta sake tashi, aka koma matakin farko na hydrocortisone. Mijin ne ya kawo ta wurinmu da kansa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, likita ta ce za a yi haka. Ki sake yi mata bayanin, ni ma in ƙara ji." Daga nan ta riƙa zuwa duk ranar awo muna duba fuskar, muna ɗaukar hoto da waya a wuri ɗaya, bakin taga, domin ita da ke kallon madubi kullum ba ta ganin sauyi, amma hoton wata guda yana nuna mata.

A ƙarshen Satumba ta daina hydrocortisone. A tsakiyar Oktoba ƙurajen sun mutu, zafin ya tafi.

Janairu zuwa Yuni 2024: aiki a kan jijiyoyin

Wata shida da fara magani ta koma Kano. Fatar ta yi kauri, ƙyallin ya tafi, gashin gaban kunne ya ragu. Da aka jera hoton Yuli da na Janairu, kusan rabin layukan ba a ganinsu, musamman siraran na haɓa da gefen baki. Wasu sun koma, wasu kuma fatar da ta murmure da launin da ya dawo ne suka rufe su. Abin da ya rage layuka masu ɗan kauri ne wajen goma sha biyu a saman kumatu, da mai ƙafar gizo-gizo na hanci. Likita ta faɗa mata kai tsaye cewa jijiyar da ta riga ta buɗe ta zauna haka babu man da zai rufe ta, ko wane ne ya yi tallarsa.

Hanya biyu aka shimfiɗa mata. Ta farko hasken leza, wanda jan jini ke tsotsewa ya yi zafi ya rufe jijiyar daga ciki. Matsalarsa ga irin fatarmu ita ce baƙin launin fata shi ma yana tsotse hasken. Injuna masu gajeren zangon haske, na 532 ko 595 nanomita, da ke aiki sosai ga farar fata, suna iya ƙona baƙa su bar fari ko baƙin tabo. Wanda ya fi aminci gare mu shi ne injin da ake kira Nd:YAG, mai zangon 1064, shi ma sai a hannun wanda ya saba da baƙar fata. Yana bukatar zama fiye da ɗaya, a asibitocin kuɗi na manyan birane, kuma kuɗin ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Ta biyu siririyar allura mai ɗauke da lantarki kaɗan, a taɓa jijiyar a wurare, zafin ya rufe ta. Tana da araha, amma tana iya barin ɗan rami ko tabo. Allurar da ake ɗura wa jijiyoyin ƙafa ta ƙafe su kuwa likita ta ce ba za ta yi ta a fuska kusa da ido ba.

Suka zaɓi ta biyu. A watan Fabrairu aka gwada layi biyu kawai kusa da kunne, inda hijabi ke rufewa, aka jira mako shida a ga yadda fatar za ta amsa. Layukan suka rufe, wurin ya yi ɗan duhu sannan ya washe. Bayan ƙaramar Salla, a watan Afrilu, aka yi na hanci: taɓawa ɗaya a tsakiyar ɗigon, inda jijiyar da ke ciyar da shi take, ƙafafun suka ɓace a take. Ɓawon ya faɗi cikin mako guda. A wannan zaman aka yi rabin layukan kumatu, a watan Yuni aka yi sauran, aka kuma sake taɓa na hanci domin ya ɗan dawo.

Disamba 2024: inda aka tsaya

Ta fi shekara ba ta shafa sitiroyid ba. Fuskar ba ta zafi, ba ta ƙuraje. Na hanci bai sake dawowa ba. Layuka huɗu sun rage a kuncin hagu, ana ganinsu in an matso kusa ko in ta sha rana. Akwai ɗan rami guda a kuncin dama inda allura ta taɓa. Tabon dilka ya dusashe, duhun hydroquinone yana nan bai ƙaru ba. Ta koma tuya amma ta ɗaga murhu ta sa doguwar matsama, tana zama gefe ba gaban wuta ba. Ta cire niƙabi.

Hukunci

Duk abin da aka gwada kafin Yuni 2023 ya gaza ne don an kalli layukan a matsayin ciwon, alhali alama ce ta fatar da aka cinye daga ƙarƙashi. Jiƙo da ƙaho ba su kusanci wurin ba. Dilka ta murje fatar da ba ta da abin murjewa. Man kemis na biyu kuwa ƙarin abin da ya jawo ciwon ne da wani suna. Abin da ya juya lamarin bai ci ko sisi ba: gilashi, da cewa ta kawo ledar mayukanta a karanta.

Na fi jin zafin abin da ya faru da azumi. Matar nan ta yi niyya mai kyau, ta daure kwana goma sha biyu cikin azaba, kuma ba wanda ya gaya mata cewa wutar da ta taso alamar janyewa daga maganin ce mai wucewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta kira bilicin matsalar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Wa'azi da faɗakarwa suna cewa a daina, kuma gaskiya ne. Amma wadda ta shekara tana shafa clobetasol, in aka ce mata ta daina ba a faɗa mata abin da zai biyo baya ba, za ta daina, ta ƙone, ta koma, ta kuma ƙara imani da robar. Ita wannan ma ba haske ta fita nema ba tun farko, tabon ciki ta so ta magance. Laifin farko yana kan sayar da magani mai wannan ƙarfi ta hannun ɗan aike, ba a ga fuskar da za a shafa wa ba.

Jinkirin da likita ta yi kafin taɓa jijiyoyin daidai ne. Da an sa allura a Yuli 2023 da an ƙona layukan da za su ɓace da kansu, a kan fatar da ba za ta warke da kyau ba. Kiran mijin cikin ɗaki ma magani ne, domin shi ya mayar da ita kan hanya bayan dare ukun nan. Gwajin hanta ya fito lafiya, amma ba asarar kuɗi ba ne: ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasarmu kuma yakan daɗe bai nuna kansa ba, ba kuma za a ga jijiya mai ƙafar gizo-gizo a wuce ba a tambaya ba.

Likitocin fata sun rabu a kan yanke sitiroyid lokaci guda ko saukowa a hankali. Masu yankewa suna cewa wahalar ta fi tsanani amma ta fi gajarta, kuma ba a ci gaba da ba fata abin da ya lalata ta. Ga wannan mata saukowa a hankali ta fi dacewa. Ta riga ta ɗanɗana yankewa ta gudu, tana nesa da likita, kuma ta daɗe tana shafa mai ƙarfi a wuri mai faɗi, wanda hakan kan iya sa jiki ya rage sarrafa nasa sitiroyid na halitta, yankewa farat ɗaya ta zama haɗari. Da wadda ta yi wata biyu tana shafawa a fuska kaɗai ce, kuma tana kusa da asibiti, da ana iya yanke mata lokaci guda a riƙa duba ta duk mako.